Hadarin nan na wane ne? Tarihin masu neman juya ruwan sama

Ƴan uwa manoma da makiyaya, akwai wata doka ta ƙauye da kowa ya sani. In fara ta sauka a gonarka ta cinye hatsi, ba ka kai ƙarar kowa. Sai ka ce ikon Allah, maƙwabta su zo su yi maka jaje. Amma in shanun wani suka shiga gonar, sai a tafi gaban mai gari. A duba ɓarna, a yanka kuɗi, mai shanu ya biya. Hatsin da ya lalace ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne shanu suna da makiyayi, fara ba ta da shi.

Tun kaka da kakanni, ruwan sama kamar fara yake wajen shari'a. In ya zo, a gode. In ya ƙi, a fita roƙo, a yi sadaka, a yi haƙuri. Ba a tuhumar kowa. To, yau fiye da shekara 100 ke nan waɗansu mutane suna neman su zama makiyayan hadari, su kora shi inda suke so. Ga tarihinsu. Za ku ga duk inda suka gwada, magana ɗaya ce take tasowa: in abin ya ɓaci, wa zai biya?

Mai kiran ruwa na San Diyego

San Diyego wani birni ne a ƙasar Amurka, a bakin teku, cikin jihar Kalifoniya. Wuri ne mai ƙarancin ruwa. A ƙarshen shekara ta 1915, babban tafkin da suka gina wa madatsa, mai suna Morena, ya ja baya ƙwarai.

Sai wani mutum mai suna Charles Hatfield ya zo wurin magabatan birnin. Da can keken ɗinki yake saidawa. Ya ce yana da wani haɗin magani na asiri da ke jawo hadari. Ya ce zai cika musu tafkin, su biya shi dalar Amurka 10,000. Wannan dala ba irin tamu ba ce ta tamma biyar, kuɗi ne masu nauyi. Magabata suka yarda da baki, ba a sa hannu a takarda ba.

Hatfield ya kafa doguwar rumfa ta katako kusa da tafkin. Ya zuba maganinsa cikin manyan tasoshi, tururi yana tashi sama. Cikin watan Janairu na 1916 ruwa ya kece. Ya yi ta zuba kwana da kwanaki. Tafki ya cika. Gulabe suka yi ambaliya, gadoji suka tafi, gidaje suka rushe. Ran 27 ga wata, wata madatsa da ake kira Otay ta fashe. Mutane wajen 20 suka rasu.

Da ruwa ya janye, Hatfield ya zo karɓar ladansa. Magabata suka ce masa: in kai ka kawo ruwan, za mu biya ka, amma kai za ka biya duk waɗanda suka yi asara. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Hatfield ya ƙi. Aka tafi gidan shari'a. Alƙalai suka ce ruwan nan ikon Allah ne, ba aikin mutum ba ne. Saboda haka ba wanda zai bi Hatfield diyya, shi ma ba ya bin kowa lada. Shari'ar ta ja har 1938, bai samu ko tamma ba.

Masana na yau sun ce maganin Hatfield bai kawo ko ɗigo ɗaya ba. Ya dai iya lura da lokacin ruwa. Amma shari'arsa ta nuna abu guda tun da wuri: wanda ya ce ruwa nasa ne, ambaliya ma tasa ce.

Ƙanƙara daga jirgin sama

Bayan shekara 30, aikin ya fita daga hannun masu asiri ya koma hannun masu bincike. A 1946, wani ma'aikacin kamfanin General Electric a Amurka, sunansa Vincent Schaefer, yana gwaji da firigo. Ya hura numfashinsa ciki, ya zama ɗan hazo. Sai ya saka wata irin busasshiyar ƙanƙara wadda ta fi ta ruwa sanyi nesa. Nan take hazon ya rikiɗe ya zama ƴan ƙwayoyin ƙanƙara masu ƙyalli.

Ga dalilin. Can sama, gajimare yana ɗauke da ƴan mitsi-mitsin ɗigon ruwa. Ba su da nauyin da za su faɗo. Suna bukatar wata ƴar ƙwaya da za su taru a jikinta, kamar yadda ƙudan zuma ke taruwa a reshe. In sun taru suka yi nauyi, sai su sauko.

Ran 13 ga Nuwamba 1946, Schaefer ya hau ƙaramin jirgin sama. Ya watsa wajen kilo 3 na busasshiyar ƙanƙara a kan wani gajimare. Ƙanƙara mai laushi ta zubo daga cikinsa. Cikin watan nan kuma abokin aikinsa, Bernard Vonnegut, ya gano wani gari da ake haɗawa da azurfa wanda ke yin wannan aiki. Har yanzu da shi ake amfani. Wannan aiki shi ake kira shukar gajimare.

Masu bincike suka yi murna, lauyoyin kamfanin kuwa hankalinsu ya tashi. Suka ce in wani ya yi asara, kamfani za a kai ƙara. Sai aka miƙa tuƙin jiragen ga sojojin Amurka.

Ba a daɗe ba abin da suke gudu ya faru. Ran 13 ga Oktoba 1947, jirgin soja ya zuba wajen kilo 80 na ƙanƙarar cikin wata babbar guguwar teku. A lokacin guguwar ta nufi gabas, tana nesa da ƙasa. Sai ta juyo yamma, ta afka wa gaɓar teku kusa da birnin Sabana, ta yi ɓarna mai yawa. Babban masu binciken, Irving Langmuir, ya ce aikinsu ne ya juya ta. Ma'aikatar duba yanayi ta ce a'a, ta riga ta fara juyawa, kuma a 1906 wata guguwa ta bi irin wannan hanya ba da hannun kowa ba.

Mutanen da rufin gidansu ya tafi, da can za su ce ƙaddara. Yanzu sun san wani ya taɓa guguwar, amma ba su da hanyar tabbatar da laifinsa. Wannan sabuwar damuwa ce da kakanninsu ba su sani ba.

Ruwa ya zama makami

A zamanin yaƙin Biyetnam, mayaƙan arewacin ƙasar suna kai makamai da cimaka kudu ta wata doguwar hanya cikin daji. Hanyar ta ratsa ƙasar Lawos. Ana kiranta hanyar Ho Shi Min. Sojojin Amurka sun yi ta jefa mata bama-bamai, ba ta rufe ba.

Sai suka yi shawara su tsawaita damana. Suna so hanya ta zama taɓo, manyan motoci su kafe, gangare ya zaftare. Daga watan Maris 1967 zuwa Yuli 1972, jirage suna tashi daga ƙasar Tailan suna shuka gajimare a asirce. Sun tashi fiye da sau 2,600. Sunan aikin Popeye. Manoman da ke ƙarƙashin gajimaren nan ba wanda ya gaya musu.

Ƴan jarida ne suka tona asirin, a 1971 da 1972. Mutane da yawa suka ji ƙyama, har cikin majalisar Amurka. Ko ruwan ya ƙaru ƙwarai, ba a tabbatar ba. Abin da ya tada hankali shi ne niyyar: an ɗauki abin da kowa yake kira rahama an mai da shi makami. Ruwa kuwa ba ya bambanta soja da mai noman shinkafa.

Wannan ƙyama ta haifi sabuwar doka. A watan Disamba 1976, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya. Aka fara sa mata hannu a birnin Jeneba cikin watan Mayu 1977, ta fara aiki a watan Oktoba 1978. Ta hana ƙasa ta juya yanayi don ta cuci wata ƙasa da ɓarna mai faɗi, ko mai daɗewa, ko mai tsanani. Shekara 40 kafin nan, ba wanda zai rubuta irin wannan doka, don ba wanda ya zaci mutum zai iya wannan laifi. Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe. Ba ta hana juya yanayi da niyyar alheri ba, ko da maƙwabci ya cutu.

Jiragen hadari a ƙasashenmu

Bayan manyan fari na shekarun 1970 da 1980, shukar gajimare ta iso wannan yanki. Maroko ta fara nata shiri a 1984. Burkina Faso ta fara a 1998 da taimakon Maroko, ta sa wa shirin suna Saaga, wato ruwan sama da harshen Mosi. Mali ta bi baya a 2006 da shirin Sanji, shi ma ruwan sama ke nan da Bambaranci. A watan Agusta 2022, ma'aikatar duba yanayi ta Nijar ta sanar cewa ita ma ta sa jirgi ya yi wannan aiki.

Ya kamata mu san iyakar abin. Jirgi ba ya ƙirƙiro hadari a sama mai tas. Sai hadari ya haɗu da kansa, sannan a taimaka masa ya sauke abin da ya ɗauko. Auna amfanin kuma yana da wuya, don ba wanda ya san yawan ruwan da zai zuba in ba a taɓa gajimaren ba. Sai a 2017, a jihar Aidaho ta Amurka, masu bincike suka ga sawun jirgi ƙarara cikin gajimare da na'urar hange, ƙanƙara tana zubowa daidai inda ya bi. An ɗauki shekara 70 kafin a samu wannan shaida, kuma ƙarin da aka auna kaɗan ne.

Ko da kaɗan ne, magana ta canza. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. In an sa ya sauke a wani gari, mutanen garin da ke yamma za su iya cewa an tare musu rabonsu. Masana sun ce gajimare yana da ruwa fiye da abin da yake saukewa, don haka satar hadari ba abu ne mai sauƙi ba. Amma zargi ba ya jiran masana. In damana ta ƙi a garinku alhali kun ji an yi aikin jirgi a wani wuri, zuciya ba za ta kwanta kamar da ba.

Daga hadari zuwa rana

Duk abin da muka faɗa ya shafi gajimare ɗaya ne ko yanki ɗaya. Yanzu akwai masu tunanin abin da ya fi wannan girma: su rage hasken rana ga duniya baki ɗaya.

Dalilinsu shi ne duniya tana ƙara zafi. Hayaƙin gawayin ƙasa da fetur da gas yana taruwa a sama, yana riƙe zafi kamar bargo. Da aka auna shekara ta 2024, an samu ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa kafin ita zafi. Mafi yawan hayaƙin nan daga ƙasashe masu manyan masana'antu yake fitowa. Afirka duka, wajen kashi 4 cikin 100 take fitarwa.

Dabarar rage rana daga dutse mai aman wuta aka koyo ta. Ran 15 ga Yuni 1991, dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe. Ya tura hayaƙin farar wuta wajen ton miliyon 15 zuwa 20 can ƙololuwar sama, sama da inda hadari yake kaiwa. Hayaƙin ya bazu ya zama siririn hazo, kamar na hunturu, yana mai da wani kashi na hasken rana baya. A shekarar da ta biyo, zafin duniya ya ragu da wajen rabin digiri. Bayan shekara biyu ko uku hazon ya sauka, zafi ya dawo.

Wani masani ɗan Rasha, Mikhail Budyko, ya kawo shawarar yin haka da jirage tun a 1974. Masana da yawa sun daɗe suna ganin maganar ba ta dace a yi ta ba. Sai a 2006 wani babban masani ɗan ƙasar Holan, Paul Crutzen, ya rubuta cewa tunda ƙasashe sun ƙi rage hayaƙi, gara a bincika wannan hanya. Daga nan abin da ake jin kunyar faɗi ya zama abin da ake ba kuɗi a bincika.

Kakalaba da El Buhari

A nan ne maganar ta shigo gidanmu. Damanarmu tana zuwa ne in iska mai laima ta taso daga teku, can kudu, ta hauro arewa tana bin zafi. In rabin duniya na arewa ya yi sanyi fiye da na kudu, iskar ba ta haurowa sosai. Ruwa sai ya tsaya kudu, mu a bar mu da ƙura.

A 2013, waɗansu masana na ma'aikatar duba yanayi ta Ingila, ƙarƙashin Jim Haywood, suka duba tarihin ruwan Sahel daga 1900 zuwa 2010. Suka ga cikin damana huɗu da suka fi muni, uku sun zo ne bayan wani babban dutse ya fashe a arewacin duniya. A watan Yuni 1912, dutsen Katmai ya fashe a Alaska. A 1913 damana ta ƙi, aka shiga yunwar da tsofaffi suke kira Kakalaba. A 1982, dutsen El Cicon ya fashe a ƙasar Mekziko. A 1983 da 1984 aka yi farin da ya kawo yunwar da mutanen Maraɗi suke kira El Buhari.

Dutse kaɗai bai kawo yunwa ba. A 1913 harajin Turawan mulkin mallaka ya ƙara wa talaka nauyi. A 1984 rufe iyakar Nijeriya ya hana hatsi shigowa. Waɗansu masana kuma sun nuna cewa hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen fari na shekarun 1970 da 1980. Masu masana'antun ba su yi da niyya ba, ba su ma sani ba a lokacin.

Masanan Ingila suka gwada lissafi a kwamfuta. In aka watsa hazon a arewacin duniya kaɗai, Sahel za ta sha fari. In aka watsa shi a kudu kaɗai, Sahel za ta yi kore, amma arewa maso gabashin ƙasar Birazil tana iya rasa ruwa. Ke nan wanda ya riƙe jiragen, shi zai zaɓi wanda zai ci da wanda zai kwana da yunwa.

Akwai kuma matsala biyu. Ta farko, hazon ba ya daɗewa, sai an yi ta sabunta shi shekara da shekaru, alhali hayaƙin da ke kawo zafi yana ɗaruruwan shekaru a sama. In yaƙi ko rashin kuɗi ya sa aka daina, zafin da aka danne zai dawo gaba ɗaya cikin ƴan shekaru. Ƴaƴa da jikoki za su gaji aikin da ba su isa su ajiye ba. Ta biyu, in masu hayaƙi suka ga akwai magani mai araha, suna iya yin sanyin jiki wajen rage hayaƙin.

Waɗanda suka ce a dakata

Har yanzu ba ƙasar da ta fara wannan aiki a sarari da faɗi. Ƙananan gwaji ma sun gamu da turjiya. A 2021, masana na jami'ar Harvard ta Amurka suka so su tashi babban balan-balan na gwaji a garin Kiruna, arewacin Suwidin. Ƙasar Samawa ce, makiyaya masu kiwon wata irin barewa ta ƙasar sanyi. Majalisar Samawa ta rubuta ta ce ba a shawarce su ba, kuma ba su yarda ba. Aka fasa tashin, a 2024 aka rufe shirin.

A 2022, wani ƙaramin kamfani na Amurka ya saki balan-balan mai farar wuta a ƙasar Mekziko ba da izinin kowa ba. A watan Janairu 2023 gwamnatin Mekziko ta sanar za ta hana irin wannan gwaji. A watan Agusta na shekarar, ministocin muhalli na Afirka suka taru a Adis Ababa, suka nemi duniya ta yi alkawarin ba za a yi amfani da wannan dabara ba. A farkon 2024 aka kawo maganar taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, ba a daidaita ba, aka janye takardar.

Masu goyon bayan bincike su ma suna da hujja. Sun ce zafi yana kashe talakawa tun yanzu, yana ƙone shuka, yana kashe bisashe. Sun ce in akwai abin da zai rage wahalar aka ƙi dubawa, wannan ma alhaki ne. Lissafin waɗansu ya nuna in aka watsa hazon daidai wa daida a arewa da kudu, kuma kaɗan, cutarwar za ta ragu. Ba maganar banza ba ce.

Abin da ya canza

Alƙalai sun raba gardamar San Diyego da kalma biyu: ikon Allah. Yau wannan hukunci ba zai wadatar ba. Da zarar mutum ya iya taɓa sama, in ya taɓa akwai alhaki, in ya ƙi taɓawa ma za a tambaye shi dalili. Na'ura ce ta jawo wannan nauyi, amma na'ura ba ta san hakkin maƙwabci ba. Wannan sai mutane.

Dokar ƙauye ta tanadi abu uku kafin a saki shanu kusa da gona: a sanar da mai gona, a san wa ke riƙe da sanda, a san gaban wa za a je in an yi ɓarna. Game da rage hasken rana, duniya ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Manomin da abincin gidansa na shekara ya dogara da damana ta wata uku, shi ya fi kowa hakkin a tambaye shi. In kun ji maganar nan a rediyo, ko wakilai suka zo garinku da ita, ku tambaye su: wa ya ba da izini, wa yake auna sakamako, wa zai biya in damana ta ƙi?